Yadda ake buga hoton taurari da hasken rana

Sayanotaif hanya ce ta buga hoto a takarda da hasken rana. Masanin taurari ɗan Ingila, John Herschel, shi ya ƙirƙiro ta a 1842, kuma a ganina babu hoton da shuɗinta ya fi dacewa da shi kamar na sararin samaniya.

Fara da zaɓen hoto. Hukumar NASA tana sakin hotunan da na'urorin hangen nesa na Hubble da James Webb suka ɗauko kyauta. Ɗauki wanda haskensa da duhunsa suka rabu sosai.

Buɗe shi a manhajar gyaran hoto kamar GIMP ko Photoshop, ka mai da shi baƙi da fari, sannan ka juya launin, taurari su koma baƙaƙe, sarari ya koma fari. A nan aikin yake. Duk inda rana ta taɓa takarda shuɗi zai yi, inda tawada ta tare ta kuwa fari zai tsaya. Ƙaramin tauraron da bai yi baƙi ƙirin a kwamfuta ba ɓacewa zai yi a takarda, don haka ƙara masa duhu, kada ka ji tsoro. Juya hoton hagu zuwa dama, ka buga shi da firinta a kan leda mai garai-garai.

Sai sinadari. Narka giram 25 na ferik amoniyam sitret a ruwa mililita 100, giram 10 na fotasiyam ferisayanaid a wani ruwan mililita 100, ka gauraya su daidai wa daida. Sa safar hannu, ka shafa da buroshi a takarda mai kauri ta zanen ruwa, a ɗakin da rana ba ta shiga. Bar ta ta bushe a duhu.

Ɗora ledar, gefen tawada na taɓa takardar, ka danne da gilashi. Idan suka saki juna ko kaɗan, taurarin za su dushe. Shanya a rana minti 10 zuwa 20, amma gwada da guntuwar takarda tukuna.

Wanke takardar da ruwan sanyi kamar minti biyar, har rawayan sinadarin ya fita tas. Kada ka yanke hukunci tana jiƙe, shuɗin sai ya kwana yake nuna.