Yadda Ake Gano Matsalar Kulocin Tsohuwar Tarakta Kafin a Raba Ta Biyu

Tarakta da ta shekara biyu ko uku a ajiye a gindin bedi, ruwan damina na dukanta, hunturu na zuba mata ƙura, da wuya a tashe ta kuloci bai ba da wahala ba. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu garejoji a nan Katsina, da an ce giya ta ƙi shiga, sai su ce a raba tarakta biyu, wato a ware inji daga giyabos don a kai ga kuloci. Aiki ne babba mai cin kuɗi, alhali sau da yawa gyaran na waje ne. Zan yi misali da Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, mai injin Perkins mai silinda 3, domin har gobe tana haro a gonakinmu.

Fara da fedar kuloci. Danna ta da hannu, ba da ƙafa ba. Ya kamata ta ɗan yi wasa kafin ka ji ta yi nauyi, kimanin santimita 1 a wannan tarakta. In babu wasan sam, boris ɗin da feda ke turawa yana kan yatsun kuloci dare da rana, farantin kuloci kuma ba ya kamawa da kyau. In wasan ya yi yawa, kuloci ba zai saki duka ba, giya ta riƙa ƙara in za ka saka ta. Ana saita shi ne a inda feda ta kama sandar da ta shiga cikin gidan kuloci: ka sassauta noti, ka juya sandar, ka ɗaure, ka sake aunawa.

Ka tuna kulocin nan hawa biyu ne. Rabin taku yana tsayar da tafiya, taku har ƙasa kuma shi ke tsayar da sandar PTO ta baya, wadda ke juya kayan aikin da aka jona wa tarakta, da famfon haidurolik. Saboda haka in giya na shiga lafiya amma PTO na gurnani, farantin tafiya ba shi da laifi. Buɗe murfin da ke ƙarƙashin gidan kuloci, ka juya filawil, babban faifan ƙarfe na bayan inji, da hannu, za ka ga kusoshin saiti guda 3. Tazarar kowannensu wajen milimita 2 ce, kuma dole ukun su zama daidai da juna. Inji a kashe, batir a cire, kafin hannunka ya shiga wurin.

Wadda ta daɗe a ajiye kuwa, ciwonta yawanci liƙewa ne. Danshi ya shiga, tsatsa ta manne faranti da filawil, ka taka feda har ƙasa amma kamar ba ka taka ba. Kada ka yi ta cusa giya da ƙarfi, haƙoranta za ka ɓare. Ka tokare fedar a ƙasa da katako ta kwana biyu a haka. Bayan nan ka fitar da ita fili, inji a kashe, ka sa babbar giya, ka zauna ka danne feda, wata tarakta ta ja ka a hankali tana ɗan fizga. Sau da yawa za ka ji ƙas, ya saki. Akwai masu haɗa waya su tsallake makunnin tsaro don su tashe ta tana cikin giya. Ina roƙonka kada ka yi, musamman kana tsaye gaban tayar baya. Tarakta ba ta jira ka kauce.

Sai gwajin zamewa. Ka kulle birki, ka sa babbar giya, ka ɗan ba ta totur, ka saki feda sannu a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. In inji ya ci gaba da ruri, tarakta ba ta motsa ba, ga warin ƙauri, to yana zamewa. Daƙiƙa kaɗan sun isa, kada ka ƙarasa ƙona shi.

Yanzu durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta. A gindin gidan kuloci akwai ƙaramar huda da ɗan fil yana reto a ciki, aikinsa hana ƙasa toshe ta. Motsa shi ka ga abin da zai ɗiga a yatsanka. Baƙin mai ne? Sil na bayan inji ya mutu. Mai haske ne mai warin man giya? Na giyabos ne. Kowanne ne a ciki, man ya jiƙa faranti, shi ya sa take zamewa ko karkarwa in za ta tashi. Ƙara kuma da ke fitowa sai ka taka feda, ta ɗauke in ka saki, boris ne ya bushe. Waɗannan su ne dalilan da suka isa a raba tarakta.

In ta kama a raba, a nemi daɓen siminti mai lebur. A kan rairayi jak nutsewa yake yi. A sa waigi a tayoyin baya, a tallafe giyabos da katako mai ƙwari, jak mai taya a ƙarƙashin inji. Abin da mutane ke mantawa shi ne cusa katako a gefe biyu tsakanin gatarin gaba da jikin tarakta, don in ba haka ba rabin gaba zai kife da zarar an ja shi. A cire sandunan sitiyari, bututun gas, wayoyi da sandar totur. Kafin ka kwance kuloci, sa alama a murfinsa da filawil, ka ɗaura kusoshi 3 da za su riƙe sifirin ɗinsa. Ƙurar ciki kada a hure ta da iska, tsofaffin farantai na iya ɗauke da asbestos mai lalata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Tunda an buɗe, ra'ayina a canja komai lokaci guda: farantai biyu, boris na feda, ƙaramin boris na tsakiyar filawil, da sil ɗin da ke yoyo. Wanda ya sa sabon faranti ya bar tsohon sil, kafin kaka zai sake rabawa. Yawancin MF 135 babban farantinsu inci 11 ne, na PTO inci 9, amma ka ɗauki tsohon a hannu in za ka sayo, ko a Katsina ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ka ƙirga haƙoran tsakiya ka gwada. Filawil in ya yi shuɗi ko ya tsattsage, a kai shi a goge fuskarsa.

Wajen mayarwa, daidaita farantan a tsakiya da tsohuwar sandar giyabos kafin ka ɗaure. Sa dogayen kusoshi biyu marasa kai su zama jagora, a turo a hankali ana ɗan juya sandar PTO har haƙora su shige. In ta tsaya saura kaɗan, a ja baya a sake. Wanda ya matse ta da noti zai lanƙwasa sabon faranti. Sannan a sake saita wasan feda, a gwada ta da haro a gona kafin ruwan Yuni ya sauka masu haya su yi layi.