Darasi na 9: Yadda Ake Gane Kwalin Tankar Roba Mai Kyau

Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san motar kara. Da ƙuruciya mun fere karan dawa, mun soke shi da tsinke, mun ja abinmu a lungu. To akwai wani aikin hannu mai kama da wannan, sai dai kayansa daga masana'anta suke zuwa. Kwali ne cike da ƙananan sassa na roba. Kai za ka yanke su, ka manne da gam, ka shafa fenti, sai ga tankar yaƙi ko mota mai sulke ta fito sak ta gaske. Tamiya na Japan da Airfix na Ingila da Italeri na Italiya suna cikin kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni.

Fara da lambar da ke jikin kwali. In ka ga 1:35, an rage girman motar sau 35 ke nan. Tanka mai tsawon mita 7 za ta dawo santimita 20. In kuwa 1:72 ce, ba za ta kai santimita 10 cif ba, sassanta kuma wasu kamar ƙwayar gero suke. Wanda idonsa ya fara gajiya, 1:35 ta fi masa.

Hoton bayan kwali mai zane ne ya yi shi, kada ya ruɗe ka. Ka ce wa mai kaya, "Alhaji, don Allah a buɗe in gani." Ai ko shadda sai an taɓa ake saye.

Sassan suna maƙale a jikin firam, wato sandunan roba da aka zuba su tare. Ɗaga firam ɗin sama, wajen haske. In ka ga wata 'yar roba siririya kamar ɓawon albasa ta fito a gefen sassa, mazubin da aka zuba robar ya tsufa, kuma za ka sha kankara da reza kafin su zauna. Duba ko akwai wurin da ya lotsa. Duba kawunan kusoshi da ƙofofi da haƙoran sarƙar da tanka ke tafiya a kanta: a kwali mai kyau kowane ya fito raɗau, a marar kyau sun dusashe kamar tsohon kwabo. Bakin igwa kuma ya zama a miƙe.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi, don nan garinmu bazara takan haura digiri 40. Na taɓa sayen kwalin T-34, tankar da Tarayyar Sobiyet ta fara ƙerawa a 1940. Ashe ya daɗe a shago ƙarƙashin rufin kwano. Da na kifa saman tankar a kan gindinta, gaba ya zauna, baya ya ɗaga, har tsinken ashana yana shiga tsakani. Na ɗaure da kyauro kwana biyu, bai koma ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na daɗe ina tara kuɗin. Tun daga ranar nake aza babban sashen a kan gilashi ko tebur mai santsi. In yana rawa, na mayar.

Takardar tambari, wato mai ɗauke da lambobi da alamomin da ake jiƙawa a ruwa a manna a jikin tankar, ita ma zafi yana cin ta. In ta yi rawaya ko ta tsattsage, za ta wargaje da zarar ta shiga ruwa.

Kada ka manta da takardar bayani. Mai kyau hotuna ne da lambobi, mataki bayan mataki, ko da ba ka jin harshen da aka rubuta ta. In takarda ta ce B12, ka nemi firam mai harafin B, ka nemi lamba 12 a jikinsa. Gwada uku ko huɗu a gaban mai kaya, ka tabbata babu wanda ya karye ko ya ɓace.

Aikin gida: Wata motar soja tana da tsawon mita 3 da rabi. Santimita nawa za ta zama a ma'aunin 1:35? Rubuta amsar a littafinka, sannan ka ja layi mai wannan tsawon da rula.