Darasi na 7: Yadda Ake Dafa Gyada a Gida

Sannunku da ƙoƙari. Ku karanta a hankali, layi bayan layi. Wadda ta tsaya a wata kalma ta sake karanta ta, babu kunya a neman ilimi.

Gyadar da ta fi daɗin dafawa ita ce ɗanya, sabuwar tona, wadda ake samu a watan Satumba zuwa Oktoba. Da ɓawonta ake dafa ta. Kada a ɓare.

Abin da za a tanada: gyada mudu 1, gishiri babban cokali 3, tukunya mai murfi, roba ko ƙwarya babba, kwando, ruwa da itace.

Mataki na 1: Tsincewa da wanki

Nan ne yawancin ɗalibai suke yin kuskure, don haka nan za mu daɗe.

A baza gyadar a faifai, a wuri mai haske. A cire tsakuwa da saiwa. A cire duk wadda ɓawonta ya fashe, ko ya yi baƙi, ko ƙwaro ya huda. Wadda ta yi hunhuna, fari ko kore-kore, a zubar da ita nesa. Hunhunar gyada tana da dafi mai lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe shi. Ku sake karanta wannan: tafasa ba ta kashe shi. Kada a ce asara ce, kada kuma a ba yara ko kaji.

Sai wanki. A zuba gyadar a ruwa, a cuɗa ta da hannu biyu kamar ana wankin tsumma. A tsame ta da hannu zuwa kwando. A tsame, ba a juye ba. In aka juye ruwan a kanta, yashin da ya kwanta a ƙasan roba zai koma mata. A zubar da ruwan, a ɗauraye robar, a sake.

Sau nawa? Sau 3 ko 4, har sai ruwan ya fito fes. Ruwan farko zai yi ja kamar na kududdufi. Na biyu zai ɗan washe, kuma a nan ne ake ruɗuwa a ce ta fita. Ba ta fita ba. Ku shafa ƙasan robar da yatsa, in kun ji yashi, a sake wankewa.

Haba 'yan uwa, ganda ba ta da amfani a nan. An faɗa, an maimaita, amma sai a ga mace ta watsa ruwa sau ɗaya ta ɗora tukunya. Da haƙori ake fasa dafaffiyar gyada, ƙasar da ke jikin ɓawo baki take shiga. Mai saye in ya tauna yashi yau, gobe tiren wata zai nufa. A tsince, a cuɗa, a tsame, a sake.

Mataki na 2: Dafuwa

A zuba gyadar a tukunya, ruwa ya sha kanta da yatsa 2. A sa gishiri tun farko. Gyada tana tasowa saman ruwa, sai a danne ta da faranti, a rufe. Bayan ta tafasa, a ba ta minti 40 zuwa awa 1. In ruwa ya ja baya, a ƙara mai zafi.

A tsamo guda ɗaya, a ɓare, a matsa da yatsa. In ta murƙushe, ta yi. In tana garas-garas, da saura. Bayan an sauke, a bar ta cikin ruwanta minti 15 don gishiri ya ratsa ta.

Busasshiya sai an jiƙa ta kwana ɗaya, kuma tana cin itace sosai.

Mataki na 3: Ajiya

A tsane a kwando, a baza ta sha iska. A cinye a ranar. In ta yi yauƙi ko tsami, a zubar.

Aikin gida: Rubuta kalmomin nan sau 5: gyada, ɓawo, yashi.