Yadda Ake Tattara Tarihin Ƙungiyar Matasan Unguwa a Kano

Da wuya mutum ya shiga tsohuwar unguwa a Kano, cikin ganuwa ko waje kamar Fagge, bai tarar da ƙungiyar samarin da ta taɓa yashe magudanar ruwa, ko share maƙabarta, ko kafa kulob ɗin ƙwallo ba. Amma da zarar an tambayi shekarar da aka kafa ta, sai kowa ya faɗi tasa. Duk mai niyyar rubuta tarihin irin wannan ƙungiya, ya fara neman tsohon ma'ajinta kafin tsohon shugabanta, domin shugaba yakan tuna ranakun biki da manyan baƙi, shi kuwa ma'aji a wurinsa littafin kuɗi yake.

Kafin a kai ga ma'ajin, ya kamata a je a gai da mai unguwa a bayyana masa manufa, domin idan shi ya haɗa ka da ɗan rakiya, zaurukan da za su yi maka wuyar shiga sai su buɗe. Idan littafin ya zo hannu, kada a nemi tafiya da shi gida, a ɗauki hoton kowane shafi da waya a gaban mai shi, har da bango. A cikinsa za a ga kuɗin wata, da tarar wanda ya makara zuwa taro, da gudummawar aure ko ta rasuwa, da ranar da aka sayi shebur da baro don aikin gayya. Yawan sunayen masu biya daga shekara zuwa shekara shi ne ma'aunin bunƙasar ƙungiya ko durƙushewarta, kuma a ganina ya fi duk wani jawabin bikin cika shekara gaskiya. Nau'in kuɗin ma shaida ne: idan lissafin da fam da sule aka yi shi, to shafin ya girmi watan Janairu na 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam.

Bayan haka sai hira da dattawan da aka kafa ƙungiyar da su, kuma gara a gana da su ɗaya bayan ɗaya, domin idan aka tara su wuri guda, ƙarami ba zai musa wa babba ba ko da ya san an yi kuskure. Kada a matsa wa dattijo da cewa lallai sai ya faɗi shekara. A tambaye shi ko abin ya faru ne kafin a ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ko bayan an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, ko wajen rasuwar Janar Murtala a 1976, ko zamanin gwamna Abubakar Rimi, wato 1979 zuwa 1983. Da irin waɗannan turaku ake ɗaure labari. A kuma juya bayan tsofaffin hotuna, domin sau da yawa akan sami hatimin mai hoto ko kwanan wata da aka rubuta da biro.

Sannan a duba inda ƙungiyar ta faɗo cikin tarihin garin. Taron Masu Zumunta na Kano yana cikin ƙungiyoyin da suka share fagen kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, ita kuma Kano Pillars a 1990 aka samar da ita ta hanyar haɗe kulob uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Saboda haka a bincika ko ƙungiyar ta taɓa rikiɗewa ta koma ta siyasa, ko ta haɗe da wata, ko ta dare gida biyu. Domin tabbatar da abin da aka ji, ana iya leƙa wuraren adana tarihi irin su Gidan Mambayya da ke Gwammaja, da Gidan Ɗan Hausa, da Arewa House a Kaduna, a kuma nemi tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Wurin da aka fi samun saɓani shi ne batun rabuwa, musamman idan kuɗi ne sanadi. A nan a ji ta bakin ɓangarorin biyu, a rubuta abin da kowa ya faɗa, kuma kada a ambaci sunan wanda aka zarga matuƙar babu takardar da ta tabbatar. Idan an gama, a karanta wa dattawan rubutun da babbar murya kafin a kai shi maɗaba'a, sannan a ajiye kwafi ɗaya a wurin mai unguwa, ɗaya a wurin sakataren ƙungiyar na yanzu.