Yadda Ake Haɗa Lambun 'Ya'yan Itatuwa da Furanni a Cikin Gida

Wanda bai taɓa tsinkar gwaiba daga bishiyar da ya dasa da hannunsa ba, akwai wani daɗi da bai sani ba tukuna. Daɗin kuwa yana farawa tun kafin 'ya'ya su fito: ranar da ka ga sabon toho, ranar da hudar farko ta ɓullo, ranar da ƙudan zuma suka gano gidanka. Lambun gida ba ya buƙatar babban fili. Abin da yake nema shi ne a sa kowace shuka inda ya dace da ita, sannan a riƙa duba ta kullum, musamman a shekaru biyun farko.

Fara da kallon rana

Kafin ka sayi dashe ko ɗaya, ɗauki 'yan kwanaki kana lura da filinka da safe, da tsakar rana, da la'asar. Yawancin itatuwa masu 'ya'ya suna son rana ta kai musu aƙalla awa 6 a yini. Bishiyar da aka dasa a inuwar katanga za ta yi tsawo, ta yi ganye, amma 'ya'ya sai kaɗan.

Sai ƙasa. Haƙa rami mai zurfin kamar santimita 60, ka cika shi da ruwa. Idan washegari ka tarar ruwan yana kwance, wurin yana riƙe ruwa, kuma saiwar gwanda da ta lemu ruɓewa suke yi a irin wannan wuri. Maganinsa shi ne ka tara ƙasa ka yi tudu, ka dasa a kai. Idan kuma ruwan ya shanye nan take, rairayi ya yi yawa, sai ka ƙara ruɓaɓɓen taki sosai domin ƙasar ta riƙe danshi.

Zaɓen abin da za a dasa

A nan ne ake samun riba ko asarar shekaru. Duba abin da ke yin kyau a yanayin da kake zaune. Ƙasa mai zafi tana karɓar mangwaro, gwaiba, gwanda, ayaba, lemu da rumman. Tuffa kuwa yawancin irinta tana buƙatar sanyi mai tsawo kafin ta yi huda. Kada sha'awa ta sa ka yi faɗa da yanayi.

Idan mangwaro ne ko lemu, nemi dashe mai aure, wato wanda aka ɗauko reshe daga bishiya mai kyawun 'ya'ya aka haɗa shi da gindin wata mai ƙarfin saiwa. Mai aure yakan fara haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4, kuma ka san irin 'ya'yan da za ka samu. Wanda ya tsiro daga ƙwallo yana iya kai shekara 6 ko fiye, bayan duk wannan jira kuma ya ba ka wani abu dabam da uwarsa. A wajen saye, dubi mahaɗar auren ka tabbata ta warke, ka ɗaga ledar ka ga saiwar ba ta nannaɗe kanta ba. Ƙaramin dashe mai lafiya ya fi babba da ya daɗe a matse cikin leda.

Ina ba wa mai farawa shawarar ya haɗa mai sauri da mai jinkiri. Gwanda takan ba da 'ya'ya cikin shekara guda, gwaiba cikin 2 zuwa 3, su ne za su riƙe maka zuciya kafin mangwaro ya iso. Sai dai gwanda tana da maza da mata, akwai kuma mai haɗe da duka biyun, ba a kuma gane su sai sun yi fure. Don haka shuka uku ko huɗu, idan sun bayyana kansu ka rage mazan, ka bar ɗaya saboda barbara.

Tazara ma abin lura ce. Mangwaro yana son mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa, lemu kamar mita 5, gwanda mita 2 zuwa 3. Nisanta manyan itatuwa daga ginin ɗaki, bututun ruwa da wayar lantarki. In filin ƙarami ne, lemun tsami da rumman suna rayuwa a babbar tukunya mai huji a ƙasa.

Ranar dashe

Farkon damina ya fi, da yamma idan rana ta yi sanyi. Ramin ya ninka faɗin ledar sau biyu ko uku. Cakuɗa ƙasar saman da ka haƙo da taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin dabbobi ƙona saiwa yake yi. Yanka ledar a hankali kada ƙasar ta wargaje, ka zaunar da dashen daidai zurfin da yake a cikin ledar. Mahaɗar auren dole ta kasance a sama da ƙasa. Mutane da yawa suna binne ta da niyyar ƙarfafa bishiyar, daga nan ruɓa ke kama gindin.

Danna ƙasar da hannu, ka yi mata ɗan kewaye mai riƙe ruwa, ka shayar da ita sosai. Bayan haka shimfiɗa busasshen ganye ko ciyawa a kewayen, amma ka bar tazarar tafin hannu daga gindin, saboda gara da danshi. Wannan shimfiɗa tana rage ƙafewar ruwa, tana hana ciyawa tsirowa, in ta ruɓe kuma ta zama taki. Inda dabbobi ke shigowa, killace dashen tun ranar.

Furanni

Kada ka ɗauke su ado kawai. Itatuwa suna yin shekaru kafin su biya ka, furanni kuwa cikin watanni biyu ko uku sun cika ido, su ne ke sa ka fito lambun kowace safiya, fitowar nan kuma ita ce ke sa ka ga matsalar bishiya tun tana ƙarama. Suna kuma janyo ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da sauran ƙwarin da ke kai ƙurar fure daga wannan huda zuwa waccan, wanda hakan ke ƙara yawan 'ya'yan da ke kamawa.

Shuka su a gefen hanya da bakin katanga, ba a gindin sabon dashe ba, don kada su yi rabon ruwa da shi. Wardi yana son rana da taki da yawan datsewa. Yasmin ajiye shi kusa da taga ko inda ake zama da yamma, domin ƙamshinsa da dare ya fi tashi. Duk furen da ya yi yaushi ka cire shi. Shukar da aka hana yin iri sai ta sake sabon fure. Yawancinsu kuma ana yaɗa su ta hanyar yanko reshe a soka a ƙasa mai danshi cikin inuwa, ta haka tukunya ɗaya ke zama biyar.

Ban ruwa da kulawa

Shayarwa mai zurfi sau biyu ko uku a mako ta fi yayyafi kullum, domin yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama. Soka yatsa a ƙasa: in da danshi, bari sai gobe. Ganye mai rawaya ba kullum ƙishirwa yake nufi ba, sau da yawa ruwa ne ya yi yawa.

Duk reshen da ya fito a ƙasan mahaɗar aure, cire shi da wuri, in ba haka ba zai rinjayi na sama. Yanke busassun rassa da masu gogar juna da almakashi mai kaifi da tsabta, domin iska da haske su ratsa. Abu mai wuya a zuciya shi ne hudar shekarar farko: tsinke ta. Bishiyar da ta ɗauki 'ya'ya tana ƙarama tamkar yaro ne da aka ɗora wa kayan manya, girmanta tsayawa yake yi.

Riƙa juya ganye kana duba bayansa. In ka ga tururuwa na hawa da sauka, galibi akwai ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye a sama. Ruwan sabulu marar ƙarfi ko man darbejiya yakan isa, a fesa da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi. 'Ya'yan da suka faɗo kuwa kada su kwana a ƙasa, a cikinsu tsutsar ƙudan 'ya'yan itace ke girma. Tattara su ka binne da zurfi.

Tsinka

Mangwaro, ayaba, gwanda da gwaiba suna ƙarasa nuna bayan an cire su, don haka kana iya riga tsuntsaye da zarar sun ƙosa. Cire mangwaro da ɗan guntun sandarsa, saboda ƙaron da ke fita yana ɓata bawon, yana kuma ƙona fatar wasu mutane. Lemu da rumman ba sa ƙara zaƙi bayan tsinka, launin bawon lemu kuma ba hujja ba ne, domin a ƙasa mai zafi yana iya nuna yana kore. Tsinki ɗaya ka ɗanɗana kafin ka taɓa sauran. Ayaba kuwa sau ɗaya uwar ke haihuwa. Bayan ka sare nonon, sare ta, ka bar ɗaya ko biyu daga cikin 'ya'yan da suka tsiro a gindinta su gaje ta.