Kuɗin tallafi da bashin haraji: yadda za ka kauce wa hannun hukuma

Ɗan kasuwar hatsin da ya shekara uku bai biya haraji ba, wasiƙa ake fara aika masa. Matar da ta ci gaba da cirar kuɗin tallafin surukarta bayan ta rasu kuwa, tun daga naira ta farko doka ta kira abin zamba. Dukansu kuɗin al'umma suka taɓa, amma shi ana kallon nasa a matsayin bashi, ita kuma laifi. Wannan rashin daidaito ne, kuma talaka ya fi shan wuyarsa, don haka shi ya fi buƙatar kiyayewa.

Mu fara da tallafi. Naira 25,000 sau uku da gwamnatin tarayya ta sanar a 2023, gida ake ba wa, kuma sunan na fitowa ne daga rijistar masu ƙaramin ƙarfi da aka haɗa da NIN da BVN. Kada a rubuta gida ɗaya sau biyu, miji a wannan mazaɓa, mata a waccan. Idan mai sunan ya rasu, a sanar da mai unguwa da jami'in shirin a sakatariyar ƙaramar hukuma, a daina amfani da katinsa nan take, ko da kuɗi sun shigo.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne aron lamba. Wani zai zo ya ce ka ba shi BVN ɗinka, in kuɗi sun fito a raba. Idan bincike ya zo, asusunka za a gani, shi babu sunansa ko'ina. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara ga wanda ya karɓi dukiya da ƙarya. Haka nan kada ka bar kati da lambar sirri wurin mai POS. Ka cira da kanka, ka ajiye takardar da injin ya fitar.

Ɓangaren haraji ƙofofinsa a buɗe suke. Idan hukumar tara kuɗin shiga ta Kano ko ta Jigawa ta kawo maka takardar ƙiyasin harajin da ta ce za ka biya, kana da kwana 30 ka ƙalubalance ta a rubuce. Ka haɗa da littafin ciniki: buhu nawa ka saya, nawa ka sayar, kuɗin mota da na dako. Wasu shiru suke yi har wa'adin ya wuce, sai ƙiyasin ya tabbata a kansu, a ƙara tara da kuɗin ruwa. In ba a daidaita ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji. A 2017 ma, ƙarƙashin VAIDS, shirin gwamnati na bayyana dukiya da kuɗin shiga bisa raɗin kai, an yafe tara da gurfanarwa ga duk wanda ya bayyana abin da ya ɓoye ya biya.

Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta cire naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara daga haraji. Ƙaramin mai tireda ya riƙe littafinsa don ya nuna bai kai nan ba. Wanda ya kai ya biya ta banki, ya karɓi rasit mai sunansa. Kuɗin da ka miƙa a hannu a bakin kasuwa ba rasit, a wurin hukuma ba ka biya ba.