Kurakuran da ɗalibai suka fi yi game da anemonin teku

Babban kuskuren da ya ishe ni a wajen ɗaliban bayoloji a nan Gombe shi ne sanya anemonin teku cikin jerin tsirrai, don kawai sun ga hotonta da launi mai kyau tana manne a jikin dutse. Dabba ce, kuma mafarauciya, danginsu ɗaya da murjani da kifin jeli da haidira (wata 'yar mitsitsiyar dabbar ruwa mai hannuwa kewaye da baki), waɗanda ake kira Cnidaria, kuma akwai ire-irenta fiye da 1,000. Jikinta kamar ƙaramin turmi yake, gindinsa a liƙe, bakinsa a sama kewaye da hannuwa masu laushi, waɗanda ke cike da ƙwayoyin harbi masu dafi da ke sumar da ƙananan kifaye da jatan lande kafin a tura su cikin baki. Akwai shekarar da wannan kuskure ya cinye wa ajina maki masu yawa a jarrabawar gwaji, har wani ya zana mata saiwa da ganye, ni kuma na sha tambayoyi a gaban iyaye. Tun daga lokacin na haramta ambaton saiwa a wannan darasi, kuma ba na buɗe littafi sai na nuna musu bidiyo a waya, su ga tana haɗiye kifi da idonsu. Yaron da ya ga haka kuma ya sake rubuta tsiro, to sakaci ne kawai, ba rashin fahimta ba.

Na biyu shi ne zana mata mafitar kashi a ƙasa. Kofa ɗaya gare ta, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma saura ke fita, don haka nake tilasta wa kowa ya zana ta kusa da haidira, ya sa kibiya biyu a baki guda.

Masu cewa sun gan ta a madatsar ruwan Dadin Kowa su daina, domin ba ta rayuwa a ruwan daɗi. Haidira ce ke zama a irin wannan ruwa. Anemonin teku ba ta da ƙwaƙwalwa, sai jijiyoyi da suka bazu a jiki, kuma ba ta gina ƙashin dutse irin na murjani. Takan kuma sauya wuri a hankali idan wurin bai yi mata ba.

Kifin nan mai ratsin lemo da fari da ke zama tsakanin hannuwanta ba abincinta ba ne. Yauƙin jikinsa ke kare shi daga harbi, shi kuma yana korar mata masu cin ta. Ɗaliban da ke rubuta cewa kwana kaɗan take yi su sani cewa anemonin da Sir John Dalyell, wani masanin halittu ɗan Sikotilan, ya ɗauko a gaɓar Sikotilan a 1828 ta rayu a cikin tulun gilashi har 1887.